Wane ne ke cewa "ni"? Amsa ga wata ɗalibar lauya kan matsayin mutum a falsafar zamani

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a sashen koyon aikin lauya, kuma a wannan zangon an ɗora mana darasin falsafar shari'a. Malaminmu ya ce shari'ar zamani tana tsaye ne a kan wani ra'ayi game da mutum wanda Descartes ya kafa, wato mutum mai hankali da zaɓi wanda ya san kansa. Sai kuma ya ce wani Bafaranshe mai suna Foucault ya ce wannan mutumin ƙirƙirar sa aka yi, har ma ya kusa shuɗewa. Gaskiya kaina ya ɗaure. Yaya za a ce an ƙirƙiri mutum a ƙarni na 17 ko na 18, alhali tun Annabi Adamu akwai mutane? In babu shi, wa alƙali yake hukuntawa? Kuma wannan karatun bai taɓa imani ba?"

Wa alaikumus salam. 'Yata, kanki bai ɗaure a banza ba, an ba ki ƙarshen zance ne ba a ba ki farkonsa ba. Da Dekart da Fuko, haka ake furta sunayen nasu, babu mai musun cewa 'yan Adam sun daɗe a duniya suna ci suna sha suna haihuwa. Gardamarsu a kan wannan ne da ke cewa "ni" a cikin kowannenmu, mai sani, mai niyya, mai aikatawa. Wane matsayi za a ba shi? Shi ne harsashin da ilimi da ɗa'a da doka za su hau kansa, ko kuwa shi ma gina shi aka yi da harshe da tarbiyya da hukuma da halin neman abinci? Kusan shekara 400 ke nan ana wannan ja-in-ja a Turai. Zan faɗa miki inda na tsaya tun yanzu don ki auna hujjojin da kanki: masu suka sun rusa da'awar cewa mutum ya san kansa sarai kuma shi ya kafa kansa, amma wanda ake kira ya amsa laifinsa yana nan, kuma shi kaɗai alƙali ke buƙata.

Abin da Dekart ya nema

An haifi Dekart a 1596 a Faransa, ya yi karatu a hannun limaman Katolika. Ya taso ya tarar da cocin Turai ya dare biyu tun bayan boren Martin Luther na 1517. A 1618 yaƙin addini ya ɓarke a ƙasashen Jamus, wanda sai da ya ci shekara 30, kuma shi kansa ya yi aikin soja a farkon lokacin. Ilimin Aristotle da ake karantarwa a makarantu kuwa masu nazarin taurari sun fara zare masa ƙafa. A 1633 kotun coci a Roma ta hukunta Galileo saboda ya ce ƙasa ke kewaya rana. Dekart na jin labari ya ajiye littafin da ya gama rubutawa kan tsarin duniya, don shi ma abin da ya faɗa ke nan. Wanda ya ga malamai suna rantsuwa da littafi ɗaya suna kashe juna, dole ya tambayi kansa: to wa zan bi?

Amsar da ya ba kansa ita ce ba zai bi kowa ba sai ya sami abin da shakka ba ta shigarsa. A littafinsa na 1641 ya zauna ya zubar da duk abin da ya taɓa gaskatawa. Ido da kunne sun taɓa ruɗinsa, don haka ba zai dogara da su ba. Yana zaune gaban wuta da takarda a hannu, amma ai ya sha yin mafarkin haka yana kwance a gado. Lissafi fa, cewa 2 da 3 sun zama 5? Ya ce a ƙaddara akwai wani mugun shaiɗani mai wayo da ke ruɗinsa duk sa'ad da ya ƙirga. A nan ne ya taka ƙasa mai ƙarfi: ya ruɗe ni iya son ransa, muddin ana ruɗina to akwai ni. Maganar da ta shahara, "ina tunani, saboda haka akwai ni", ta fito ne tun a ɗan littafinsa na 1637. Tunani a wurinsa ya haɗa shakka da so da ƙi da sawwarawa da jin zafi, duk abin da ke gudana a ciki kana sane da shi.

Akwai wuri ɗaya a littafin da nakan sa ɗalibai su karanta sau biyu. Dekart ya leƙa ta taga ya ga mutane suna wucewa a titi, sai ya ce a haƙiƙa me na gani in ba huluna da riguna ba? Ƙila ma injuna ne a ƙarƙashinsu, hankalina ne ya yanke cewa mutane ne. Ki lura da abin da ya biya kafin ya sami yaƙininsa. Kansa ya tabbata, amma maƙwabcinsa ya koma abin da sai an kafa masa hujja. Jikinsa ma haka. Sai da ya kafa hujjar samuwar Allah, kuma cewa Allah ba ya yaudara, kafin ya dawo da duniya.

Ba shi ya fara bin wannan hanya ba, kuma ya kamata ɗalibanmu su san haka. Agustin, limamin garin Hippo da ke Aljeriya ta yau, ya ce in ina kuskure to akwai ni. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya kawo misalin mutumin da aka halitta farat ɗaya cikakke, idonsa a rufe, yana rataye a sarari, gaɓoɓinsa a ware ba sa taɓa juna. Bai san yana da hannu ko ƙafa ba, amma ba zai yi shakkar samuwar kansa ba. Imamu Gazali kuwa a Al-Munƙiz ya ba da labarin shakkar da ta kama shi: ido na ganin inuwa a tsaye alhali tafiya take, yana ganin tauraro kamar dinari alhali ya fi ƙasa girma, to wa ya tabbatar cewa hankali shi ma ba shi da wani alƙali a samansa da zai ƙaryata shi? Ya ce ya yi kusan wata 2 a wannan ciwo, kuma abin da ya warkar da shi haske ne da Allah ya jefa a ƙirjinsa. Za ki ji masu cewa Dekart kwafar Gazali ya yi. Kamannin a fili yake, amma babu hujjar tarihi da ta tabbatar, kuma bambancin ya fi kamannin muhimmanci. Ibn Sina yana so ne ya nuna rai daban yake da jiki. Gazali ya fita ta ƙofar haske. Dekart ne ya mai da "ni" dutsen farko da za a jera sauran ilimi a kansa. Wannan matsayin ne sabo, kuma shi malaminku yake nufi.

Tun yana raye aka gano inda ginin ya tsage. A watan Mayu na 1643 Gimbiya Elizabet ta Bohemiya, 'yar shekara 24 da ke gudun hijira a Holan, ta rubuta masa wasiƙa: in rai ba shi da tsawo ko faɗi, ba ya taɓa komai, ta yaya yake ɗaga hannu? Ya kewaya, ta sake matsawa, har ta ce ya fi mata sauƙi ta yarda rai yana da jiki da ta yarda abin da ba shi da jiki yana motsa jiki. Daga ƙarshe ya ce mata haɗuwar rai da jiki a rayuwar yau da kullum ake gane ta, kada ta cika zurfafa tunani. A ganina wannan amsar mai gudun tambaya ce. Bayan shekara 91, a 1734, Anton Wilhelm Amo, ɗan Axim da ke Gana ta yau, wanda aka kai Turai yana ƙaramin yaro, ya kare kundin digirinsa a Jami'ar Wittenberg ta Jamus yana sukar Dekart a kusa da wannan gaɓar. Ya ce ji da gani na rayayyen jiki ne, hankali ba ya ji, fahimta yake yi.

Daga Ingila zuwa Konigsbag

Sashen da ya fi shafar aikinki shi ne na John Locke. A bugu na biyu na babban littafinsa, 1694, ya ƙara babi kan abin da ya sa mutumin yau ya zama shi ne na jiya. Ya ce a ƙaddara sanin wani yarima, da duk abin da yake tunawa, ya koma jikin wani baduku. Kowa zai ga baduku, amma alhakin ayyukan yarima ne ke kansa. Wato a wurin Locke abin da ke ɗinke mutum shi ne sani mai tuna baya, kuma ya faɗa ƙarara cewa wannan magana ce ta gaban shari'a, ta lada da hukunci. Har ya kai zancen ga ranar sakamako, inda ya ce ba za a tuhumi kowa da abin da bai san komai a kansa ba. Matsalar ita ce mantuwa. Thomas Reid ya ce ga yaro an yi masa bulala don ya saci 'ya'yan itace, ya girma ya zama jarumin soja yana tuna bulalar, ya tsufa ya zama janar yana tuna jarumtar amma ya manta bulalar. A bisa ƙa'idar Locke janar shi ne sojan, sojan shi ne yaron, amma janar ba shi ne yaron ba. Lissafin bai fita ba.

David Hume, mutumin Sikotilan, ya fi kowa rashin tausayi. A 1739 ya ce duk sa'ad da na shiga cikin abin da nake kira kaina, sai in yi tuntuɓe da zafi ko sanyi, so ko ƙi, daɗi ko ciwo, ban taɓa kama wani "ni" tsura ba. Ya kammala cewa dami ne kawai na ji da tunani masu wucewa a guje. Shekara guda bayan haka shi da kansa ya rubuta cewa bayanin nasa bai gamsar da shi ba, don ya rasa abin da ya ɗaure damin.

Immanuel Kant, Bajamushe, shi ne ya amsa masa daga garinsu Konigsbag a 1781, kuma ɗalibai sukan sha wuya a nan, don haka ga yadda nake koyar da shi. Nakan yanka takarda gida 6, in rubuta kalma ɗaya a kowace: komai, nisan, jifa, ƙasa, zai, faɗo. In raba wa ɗalibai 6, kowa ya karanta tasa a zuci. Sai in tambayi ajin: wa ya karanta karin magana a nan? Babu. Kalmomin duk suna cikin ɗakin, kowace an karanta ta, amma karin maganar ba ta zo wa kowa ba, domin sai kalmomin sun taru a sani ɗaya. Shi kansa Kant da kalmomin baitin waƙa ya ba da misalin. Abin da ya ce shi ne Hume ya yi nema a inda ba a nan abin yake ba. "Ni" ba ya cikin jerin abubuwan da ake gani a ciki, sharaɗi ne na samuwar jerin. Amma ya juya ya ja kunnen mabiya Dekart: daga wannan haɗin ba za ku iya fitar da cewa rai wani abu ne guda mara rabuwa mara mutuwa ba, wannan ya wuce iyakar abin da hankali zai tabbatar.

Abin da Kant ya hana "ni" ta fuskar sani ya ba shi ninki ta fuskar ɗa'a. A 1785 ya ce mai hankali yana ɗora wa kansa dokar da zai yarda ta hau kowa, don haka yana da daraja wadda ba ta da farashi, ba a mai da shi kayan aiki kawai. In kika karanta sashe na 1 na sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta 1948, ko sashe na 34 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 kan mutuncin ɗan Adam, za ki ji ƙamshin wannan tunani. Da ni ne malaminku, Locke da Kant zan ambata fiye da Dekart.

Masu rusau

Hegel ya fara sauya akalar a 1807. Ya ce ba a sanin kai a kaɗaice, sai wani ya gane ka. Ya kawo labarin biyu da suka yi karo, kowa na so ɗayan ya sallama masa, wanda ya ji tsoron mutuwa ya zama bawa, ɗayan ubangida. Sai abin ya juye: ubangida yana karɓar girmamawa daga wanda shi kansa bai ɗauka a bakin komai ba, bawa kuwa ta hanyar aiki yana ganin hannunsa a abin da ya sarrafa. Marx ya sauko da wannan cikin masana'anta, a 1845 ya rubuta cewa haƙiƙanin mutum shi ne jimlar alaƙoƙinsa na zamantakewa. Niche (Nietzsche) ya ce tunani yana zuwa ne sa'ad da ya ga dama, ba sa'ad da na kira shi ba, kuma nahawu ne ke sa mu ɗora wa kowane aiki mai yi. Tun kafin shi wani Bajamushe, Lichtenberg, ya ce iyakar abin da Dekart ya tabbatar shi ne "ana tunani", kamar yadda ake cewa ana walƙiya. Freud ya ƙara nasa a 1917: "ni" ba shi ne maigida a gidansa ba. Na lura wannan ba ya girgiza ɗalibanmu yadda ya girgiza Turawa, domin wanda ya zauna gaban malami aka karanta masa babin riya a littafin Ihya na Gazali ya riga ya ji cewa zuciya na ɓoye wa mai ita niyyarta.

Yanzu ga Fuko. A ƙarshen littafinsa na 1966 ya ce mutum ƙirƙira ce ta kwanan nan, kuma in tsarin ilimi ya sake sauyawa zai goge kamar fuskar da aka zana a rairayin bakin teku. Mutumin da yake nufi shi ne wanda ya bayyana wajen ƙarshen ƙarni na 18, lokacin da ilimin halittu da na tattalin arziki da na harshe suka mai da ɗan Adam abin aunawa, alhali shi ne kuma mai awon. Kafin nan akwai mutane, amma babu wannan kujerar mai fuska biyu a tsakiyar ilimi.

Littafinsa na 1975 ya fi amfani gare ki. Ya buɗe shi da yadda aka kashe Damiens a bainar jama'a a Paris a 1757 saboda ya kai wa sarki hari da wuƙa: aka yayyage namansa, aka ɗaura gaɓoɓinsa a jikin dawakai. Nan take ya biyo da jadawalin wani gidan yarin yara na birnin bayan kusan shekara 80: ƙarfe kaza a tashi, ƙarfe kaza addu'a, ƙarfe kaza aiki, ƙarfe kaza karatu. Kowa zai ce an sami ci gaba wajen tausayi. Fuko ya ce hukunci ne ya bar fata ya shiga ciki. Gidan yari da bariki da makaranta da asibiti duk suna aiki da layi da ƙararrawa da jarrabawa da fayil, har mutum ya koyi sa wa kansa ido ko babu mai kallo. Alƙali ma ya daina tsayawa kan "me ka yi?", ya koma tambayar "wane irin mutum ne kai?", ya kira likitan ƙwaƙwalwa ya taya shi. Malamin Fuko, Altusa (Althusser), ya taƙaita abin da misali guda a 1970: ɗan sanda ya daka tsawa a titi, "Kai, can!", sai ka waiwaya. Da wannan waiwayen ka karɓi matsayin da aka kira ka da shi. Tun kafin a haife ka ma an tanadar maka sunan gida da matsayi.

Akwai sukar da ta fi waɗannan zafi a wurina, ita ce tambayar su wa aka ƙirga cikin wannan mutum mai hankali da 'yanci. Locke yana da hannun jari a kamfanin Ingila mai fataucin bayi daga gaɓar Afirka. Hume ya rubuta a 1753 cewa yana zaton baƙar fata a halitta suna ƙasa da farare, alhali kafin nan Amo ya riga ya koyar da falsafa a jami'o'in Halle da Jena. Faransa ta yi shelar haƙƙin mutum a 1789, Olympe de Gouges ta rubuta na mata a 1791, aka fille mata kai a 1793. Frantz Fanon, likita ɗan tsibirin Martinik, ya bayyana a 1952 yadda wani yaro Bature a Faransa ya nuna shi yana ce wa uwarsa ta dubi baƙar fata, tsoro yake ji. Fanon ya ce ya shigo duniya yana ɗaukar kansa mai kallo mai ba abubuwa ma'ana, sai ya tsinci kansa abu cikin abubuwa. Wannan shi ne mutumin da ke ƙarƙashin hula yana ba da labarin yadda ake ji in an leƙo ka ta taga. Sai dai ki duba abin da bayin Haiti suka yi daga 1791 har suka sami 'yanci a 1804. Da shelar Faransa ta iso musu, riƙe ta suka yi suka ce mu ma da mu.

Wa alƙali yake hukuntawa?

Kotu ba ta taɓa buƙatar mutumin Dekart ba, wanda ya ga cikinsa tas kamar ruwan gilashi. Duba dokokin da kike karantawa. A 1843 Daniel M'Naghten ya harbe sakataren firayim ministan Ingila, aka wanke shi saboda taɓin hankali, hayaniyar da ta biyo baya ta haifar da ƙa'idar cewa ba a kama wanda ciwon hankali ya hana shi sanin abin da yake yi ko sanin cewa laifi ne. Irin wannan sharaɗi, da na ƙuruciya, suna nan a Penal Code. Fiƙihu ya riga su: an ɗauke alƙalami daga mai barci har ya farka, da yaro har ya balaga, da mahaukaci har ya warke, kuma wanda aka tilasta yana da nasa hukuncin. Duk waɗannan suna nuna cewa zama mukallafi abu ne da ake kaiwa gare shi sannu a hankali, a hannun iyaye da malamai da harshe, kuma ana iya rasa shi. Ashe doka ta riga ta yarda da rabin maganar masu suka.

Rabin da ban karɓa ba shi ne tsallen daga "an gina shi" zuwa "babu shi". Wanda ya waiwaya ga ɗan sanda yana iya cewa ba ni ba ne, yana iya neman lauya, yana iya kai ƙarar ɗan sandan. Harshen da aka cusa masa da shi yake musu. Fuko kansa ya shiga kafa ƙungiyar bin kadin fursunoni a 1971, wadda aikinta shi ne ba su dama su yi magana da bakinsu, kuma kafin rasuwarsa a 1984 ya koma nazarin yadda Girkawa da Rumawa ke horar da kawunansu. Mai cewa babu mai magana ba zai ɓata lokacinsa a wannan ba. Amfanin sukar a aikinki yana wajen sassauci da gyaran gidajen yari, da kuma sa ido kan rahoton ƙwararru da ke yanke wa wanda ake tuhuma hali kafin a tabbatar da aikinsa.

Masana falsafar Afirka sun yi irin wannan gardama a tsakaninsu. Ifeanyi Menkiti ya ce a 1984 cewa a tunanin gargajiya al'umma ce ke mai da ɗan Adam mutum, kuma ana iya kasa kaiwa. Kwame Gyekye na Gana ya ce an wuce gona da iri: in aka ce wane ba mutum ba ne, halinsa ake suka, ba a cire shi daga masu haƙƙi ba. Ina bayan Gyekye. Kirk-Greene, wani Bature mai nazarin Hausa, ya tattara siffofin mutumin kirki a wurin Hausawa a 1974, irin su gaskiya da amana da haƙuri da kunya da mutunci, kusan duk a mu'amala ake ganinsu. Amma jariri da mai taɓin hankali da baƙon da ba shi da kowa ba su cika wannan awo ba, kuma su suka fi buƙatar lauya.

Batun imani

Fannina falsafa ne, hukuncin aƙida na malaman tauhidi ne, kuma haƙiƙanin ruhi Alƙur'ani ya ce yana daga al'amarin Ubangiji. Abin da zan iya yi shi ne in nuna miki inda saɓanin yake don kada ki neme shi a inda babu. Dekart da Locke sun yi imani da Allah da hisabi a bisa addininsu. Niche da Marx da Freud sun ƙaryata, kuma ba su ɓoye ba. Cewa tarbiyya na gina mutum ba baƙon zance ba ne ga wanda ya san hadisin fiɗira da rawar da iyaye ke takawa. Neman kowa ya tabbatar da imaninsa da hujja shi ma tsohon batu ne a nan ƙasar: masu karatun littafin tauhidi na Ummul Barahin sun yi ta muhawara kan imanin mai bi ba da hujja ba, har Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi rubuce-rubuce yana raddi ga masu kafirta talakawa a kan haka.

Wurin da za ki tsaya ki yi nazari da kyau shi ne maganar Kant cewa hankali ne ke ɗora wa kansa doka. A nan tambayar ta zama: kyau da muni hankali ke gano su, ko sai shari'a ta faɗa? Mu'utazilawa sun ce hankali na iya ganowa tun kafin wahayi, Ash'ariyya suka ce hukuncin lada da zunubi daga shari'a yake zuwa. Sun kuma saɓa kan aikin bawa, waɗancan suka ce shi ke samar da aikinsa, waɗannan suka ce Allah ke halitta aikin, bawa kuwa yana kasabi, wato yana ɗaukar aikin da nufinsa, kuma a kan kasabin ake masa hisabi. In kika kai wa malamin tauhidi tambayarki a wannan siga, zai gane ta nan take ko da bai taɓa jin sunan Kant ba.